Zauren Zango: Kafin Ka Ce "Na Ɗauki Nauyinsa"

  

Cikin wasiƙun da suka zo mana a watan jiya akwai ta wani Alhaji mai fataucin albasa a Kumasi, wanda ya roƙe mu da mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da ke tafe da shi a taƙaice. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya rasu ya bar yaro ɗan shekara huɗu. Shi Alhaji ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa, ya sa shi makarantar allo da ta boko, har ga shi yau yaron ya ci jarrabawar WASSCE da sakamako mai kyau. Wata jami'a a Ingila ta ce za ta karɓe shi ya karanta aikin injiniya, da sharaɗin ya fara da shekara ɗaya ta share fage, wato shekara huɗu ke nan gaba ɗaya. Alhaji ya ce abin da yake da shi a hannu zai biya kuɗin makaranta na shekarar farko, amma ba zai kai abin da hukumar Ingila take son gani a banki ba. Sai wani dillalin biza, irin waɗanda muke kira 'yan koneshan, ya ce masa wannan ba abin damuwa ba ne: zai zuba masa cikon a asusunsa na wata guda, a buga takardar banki a kai, in biza ta fito ya janye kuɗinsa ya ɗauki ladansa. Sauran shekarun kuwa, wai yaro zai yi aiki a can ya biya wa kansa. Alhaji yana tambaya, ya shiga ko kada ya shiga?

Amsarmu a gajarce ita ce kada ya shiga. To amma da yake tambayar ba ta Alhaji ba ce shi kaɗai, don da wuya ka sami gida a zango da babu yaro ko yarinyar da ake wannan shawara a kansu, mun ga ya dace mu baje maganar a faifai, har da alƙalumanta, ko da za ta ɗan gundure ku.

Fita neman ilimi dai ba baƙon abu ba ne gare mu. Zangunan nan namu ma ai matafiya ne suka kafa su, fatake da malamai da almajiransu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda har yau ake ambaton malantarsa, haifaffen Kano ne, ya sauka a Salaga, ya rasu a 1934 nesa da mahaifarsa. A wancan zamani ɗaukar nauyi da baki ake yi. Uba zai danƙa yaro a hannun malami ko madugu ya ce ga amana, shi ke nan, duk zangon da aka sauka akwai mai masauki. Daga baya da aka fara tura yaranmu Azhar ta Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina a Saudiyya, su ma galibi makarantar ce take ba da masauki da ɗan abin kashewa, iyaye kuɗin jirgi da addu'a kawai ke kansu. Wannan ne ya bar mana wata ɗabi'a, ta cewa in dai yaro ya isa can, sauran mai sauƙi ne. Bizar karatu ta ƙasashen Turawa kuwa an gina ta ne a kan akasin haka. Kafin a bar yaro ya taka ƙasarsu suna son su ga wa zai biya, nawa zai biya, ina kuɗin suka fito, kuma mece ce dangantakarsa da yaron, duka a rubuce.

Abu na farko da ke ba mutanenmu mamaki shi ne, wanda kake kira ɗanka ba lalle ne takarda ta yarda ɗanka ne ba. A wurinmu ɗan wa da ɗan ƙane ɗa ne, abin kunya ne ma a ji ka ce "ɗan ƙanena" a gaban yaron da ka raina da hannunka. Amma dokar bizar ɗalibai ta Ingila ta ce kuɗin da za a nuna su kasance a asusun ɗalibin kansa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na wanda kotu ta naɗa ya riƙe shi, ko na abokin aurensa bisa wasu sharuɗɗa. In asusun iyaye ne, sai an haɗa da takardar haihuwa mai ɗauke da sunayensu, da wasiƙar da suka sa wa hannu cewa sun yarda a yi amfani da kuɗin. Babu baffa a ciki, babu kawu, babu gwaggo, babu yaya. Waɗanda suke karɓa a matsayin masu ɗaukar nauyi a hukumance su ne irin gwamnati, ko jami'a, ko wata ƙungiya ko kamfani na ƙasa da ƙasa. Shi kuwa Alhajinmu, duk shekarun da ya yi yana ciyar da yaron nan bai taɓa zuwa kotu ya karɓi takardar riƙo ba, don wa zai kai maganar ɗan ƙanensa kotu? Ga shi yanzu yaro ya cika shekara 18, lokacin wannan takarda ya wuce. Ke nan ko da dillalin ya cika asusun Alhaji maƙil, asusun ba zai yi aiki ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mutumin bai san aikin da yake karɓar lada a kansa ba, ko kuwa ya sani ya ɓoye, ba mu san wanne ya fi muni ba.

Hanyar da ta dace a irin wannan hali ita ce baffa ya ba yaron kuɗin kyauta ta gaskiya, su shiga asusun yaron ko na mahaifiyarsa in tana raye, a adana takardar da ke nuna daga ina suka fito. Kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusun ba tare da sun ragu ko da rana ɗaya ba, sannan takardar bankin kada ta wuce kwana 31 da bugawa a ranar da aka cike neman biza.

Nawa ne kuɗin? Cikakken kuɗin makaranta na shekarar farko, kamar yadda yake a takardar CAS da jami'a take bayarwa, sai a ɗora kuɗin zama na wata tara. Daga Nuwamba 2025 an ƙayyade kuɗin zama fam 1,529 a wata ga mai karatu a Landan, da fam 1,171 ga mai karatu a wajen Landan, wato fam 13,761 ko fam 10,539 ke nan. Kuɗin makaranta kuwa, da wuya ka sami jami'ar da take karɓar ƙasa da fam 11,000 a shekara daga ɗalibin waje, wasu sun ninka haka sau biyu ko uku, musamman a fannin injiniya da likita. Ban da wannan akwai kuɗin bizar kanta, wanda ya zama fam 524 a Afrilu 2025, da kuɗin asibiti fam 776 na kowace shekara, wanda ake biya a dunƙule tun kafin a tashi, da gwajin tarin fuka da suke nema daga mutanen Ghana, da tikitin jirgi, da rigar sanyi. Mai karatu ya ɗauki biro ya juya waɗannan zuwa sidi da farashin yau, sannan ya sha ruwa.

Bari mu ɗan ratse mu faɗi wata matsala da ta fi damun mu 'yan zango. Yaro ɗaya sai ka ga sunansa Abdullahi a takardar haihuwa, Abdulai a takardar WAEC, Awudu a bakin kowa, uban kuma Muhammad a nan, Mohammed a can, Mahama a wata takardar. Ranar haihuwa ma haka, wadda malamin firamare ya ƙirƙira daban, wadda ke fasfo daban. A gida babu wanda ya damu, amma ga ma'aikacin da ke duba takardu mutum uku ne daban-daban. Wannan gyara yana cin watanni, da takardar rantsuwa da buga sanarwa a Gazet ta gwamnati, don haka a fara shi tun yaro yana ajin ƙarshe.

Amurka tata hanyar daban ce. Su ba su hana baffa ko kawu ɗaukar nauyi ba. Makaranta ce take fara duba takardun kuɗi, in ta gamsu ta aiko da takardar I-20 mai nuna abin da shekara ɗaya za ta ci. Sai a biya kuɗin rajistar SEVIS, wanda ya zama dala 350 a 2019, da kuɗin neman biza, wanda ya zama dala 185 a 2023, ba a kuma mayar da kuɗin biza in an ƙi mutum. Daga nan sai ganawa ido da ido a ofishin jakadancinsu da ke Cantonments, wadda sau da yawa ba ta wuce minti biyu ko uku. A nan ne yaranmu da yawa suke faɗuwa, domin ma'aikacin ya fi sauraron bakin yaro a kan tarin takardun da ya riƙo. Zai tambaye shi, wa ke biya? Me yake sayarwa? 'Ya'yansa nawa? Me ya sa zai biya maka kai? Yaron da ya tashi a gidan da ba a maganar kuɗi a gaban yara sai ya tsaya yana inda-inda. Saboda haka mai ɗaukar nauyi ya ajiye kunya da kara, ya zaunar da yaro ya gaya masa gaskiyar kasuwancinsa. A kuma sani cewa dokarsu, sashe na 214(b), tana ɗaukar duk mai neman irin wannan biza a matsayin mai niyyar zama dindindin har sai ya gamsar da su cewa zai komo gida. Don haka yayan da ke tuƙa tasi a Bronx, in shi ne mai biya, a faɗi gaskiya a kansa kada a ɓoye shi, amma a shirya bayanin abin da zai dawo da yaro Ghana bayan karatu.

Ta Jamus kuwa muna so 'yan uwanmu boga na Hamburg su buɗe kunne. Yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin rajista na zango-zango, shi ya sa take jan hankali. Galibi ana nuna kuɗin zama ta hanya biyu. Ko dai a zuba su a wani asusu da ake kullewa, wanda tun Satumba 2024 aka sa yuro 11,904 na shekara, yaro yana cire yuro 992 a wata ba ƙari. Ko kuwa wani mazaunin Jamus ya je ofishin kula da baƙi na garinsa da takardun albashinsa, ya sa hannu a takardar ɗaukar alhaki, wadda sunanta da Jamusanci, Verpflichtungserklärung, ya kusa kai tsawon alhakin da ke cikinta. Wanda ya sa wannan hannu ya yarda ke nan cewa duk abin da gwamnati ta kashe wa yaron, na ci da masauki da jinya, har da kuɗin mayar da shi gida in ta kai ga kora, shi za a bi, kuma alhakin yana iya kai wa shekara biyar. Ba a warware shi don an yi faɗa a waya, ko don yaro ya daina gaishe ka. Mun ji masu cewa ai hannu ne kawai, taimako ne. To, hannu ne da kotu take karɓa.

Kanada ta daɗe tana neman a nuna dalarta 10,000 ta zama ban da kuɗin makaranta. A Janairu 2024 ta mayar da shi 20,635, a Satumba 2025 kuma 22,895, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da take karɓa a shekara. Duk wanda yake lissafi da labarin wani da ya tafi shekara biyar da suka wuce, da tsohon farashi yake ciniki.

Yanzu mu koma kan kuɗin aro, wanda shi ne zuciyar wasiƙar Alhaji. Gaskiya ne akwai wani rashin adalci a tsarin, kuma ba za mu ɓoye ba. Ɗan kasuwar zango yana iya fin babban ma'aikacin gwamnati arziki sau goma, amma arzikinsa yana cikin tirelar albasa tsakanin Galmi da Kumasi, ko cikin shanu, ko buhunan goro, ko adashi, ko bashin da yake bin abokan ciniki. Ma'aikaci yana da takardar albashi, shi kuwa Alhaji littafinsa yana cikin kansa. Ingila ba ta lissafa gida ko fili ko kaya, tsabar kuɗi a banki kawai take gani. Maganin wannan shi ne a fara bi da ciniki ta banki tun shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci, a yi wa kasuwanci rajista, a adana rasit na haraji, a bar asusu ya nuna shige da fice irin na mai sana'a. Asusun da ya shekara yana barci da sidi dubu biyu, rana ɗaya ya wayi gari da dubu ɗari huɗu, ko yaron da ke koyon aikin banki zai gane kayan aro ne, balle waɗanda aikinsu ke nan dare da rana, suna kuma iya tuntuɓar banki su tabbatar. In aka kama takardar jabu ko bayanin ƙarya, Ingila tana iya rufe wa yaro ƙofa shekara 10, Kanada shekara 5, Amurka kuwa tana iya haramta masa shiga har abada. A lura, sunan yaron ne zai ɓaci. Dillali ya riga ya ci ladansa ya sauya lambar waya.

Amma mu ɗauka ma ba a kama ba, biza ta fito, an yi walima, an raka yaro filin jirgi da motoci uku. Wannan ne ya fi ba mu tsoro, domin kuɗin da aka nuna ba don ado ake nemansu ba, su ne abin da yaron zai ci. In sun koma hannun mai su, me zai ci? Sai a ce zai yi aiki. To bari mu yi lissafi. A Ingila ɗalibin digiri awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, ba a kuma yarda ya yi sana'ar kansa ba, ko da sayar da turare ne. A 2025 mafi ƙarancin lada ga ɗan shekara 18 zuwa 20 fam 10 ne a awa. Wato fam 200 a mako, bai kai fam 900 a wata ba, in ma ya sami aikin ke nan kuma bai yi ciwo ba. Gwamnatinsu da kanta ta ce zama kawai yana cin fam 1,171. Ina kuɗin makaranta na shekara ta biyu da ta uku da ta huɗu zai fito? A Amurka ma awa 20 ne, kuma a shekarar farko sai a cikin harabar makaranta kaɗai. Yaron da ya zarce awoyin nan a ɓoye ya karya sharaɗin bizarsa, wanda bai zarce ba kuma yunwa ta kama shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, jama'a.

Sannan ga sidi, wadda ba ta da alƙawari. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin ƙarshen Nuwamba na shekarar ta haura 14 a wurin masu canji, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Mutumin da ya yi alƙawarin dala 10,000 yana lissafin sidi 60,000, ya wayi gari ana binsa 140,000, alhali cinikinsa bai ƙaru ba. A 2025 ta juya ta yi ƙarfi, daga wajen 15 ta sauko ƙasa da 11, masu biya suka ɗan numfasa. Wanda zai ɗauki nauyin shekara huɗu ya sani cewa zai ga irin waɗannan duka biyun.

Mun san wani gida a nan Ankara da wannan ta faɗa wa. 'Yan uwa uku ne suka tashi a gaban mahaifiyarsu kowa ya ce na ɗauka, aka tura ƙaraminsu Ingila. Shekarar farko an biya cif. Ta biyu ta faɗo a 2022. Babban ya fara gini, na tsakiya ya ƙara aure, na ukun kuma kayansa suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema. Kowa yana zaton ɗan uwansa ya aika. Shi kuma yaro kunya ta hana shi matsa wa yayyensa, ga mutanen gida tun bai kwance jaka ba sun fara kiransa, wannan tana son waya, wancan yana son kuɗin asibiti, don a wurinsu duk wanda ya hau jirgi ya zama boga. Har ya riƙa rage abincinsa yana turo musu ta Momo don kada a ce ya manta gida. Da bashi ya taru makaranta ta cire sunansa ta sanar da hukuma, kamar yadda doka ta wajabta mata, aka ba shi kwana 60 ya tattara ya fita. Bai fita ba, ya ce da wane ido zai kalli unguwa babu digiri? Yana can har yau babu takarda, yana wanke-wanke a bayan wani gidan abinci. Da tsohuwar ta rasu, ta waya ya ji yadda aka yi jana'iza. Babu mugu ko ɗaya cikin 'yan uwan nan uku, dukansu mutanen kirki ne masu son ƙanensu. Abin da ba su yi ba shi ne zama su raba kayan tun farko.

Kada kuma a ce wannan halin talaka ne kawai. A 2025 Jami'ar Memphis ta Amurka ta yi barazanar sallamar ɗaliban Ghana da ke karatu da tallafin gwamnati, saboda bashin da ya haura dala miliyan 3. In baitulmali na iya makara, ina ga mai shago ɗaya a Alabar?

Saboda haka abin da muke ba da shawara, kafin a biya ko sisin kwabo, shi ne a kira taron gida, da uwar yaron a ciki, don ita ce za ta fi kowa kuka in abu ya lalace. A rubuta kuɗin shekarun duka, da fam ko dala, kada a rubuta da sidi. A rubuta wa zai biya nawa, a wane wata. A faɗa ƙarara ko kyauta ce ko rance ne, domin mun ga zumunci ya tsinke bayan shekara goma a kan wannan, baffa yana cewa bashi ne, yaro yana cewa ai sadaka ce. A yi maganar da ba a son yi: in mai biya ya rasu ko ya karye, wa zai ɗauka, kuma magadansa sun sani? A kira liman ko wani dattijo ya shaida. Wanda ya ce rubutu tsakanin 'yan uwa rashin yarda ne, a tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Sannan a yi wa dangi shela cewa yaron nan ɗalibi ne, ba a roƙonsa komai sai ya gama.

A wurin wannan taro kuma a duba takardun yaran gidan duka. Sau nawa muke ganin an tara wa namiji kuɗi alhali ƙanwarsa ce ta fi shi sakamako nesa ba kusa ba, ita an ce ta jira miji? Wannan magana ce ta wata rana, amma mun ajiye ta a nan.

Akwai kuma batun fasfo, wanda ya shafe mu fiye da sauran jama'ar ƙasa, domin da yawanmu muna da dangi a Nijar da Nijeriya da Togo da Burkina Faso, wani lokaci yaron da ake son turawa fasfon can yake riƙe da shi. A Yuni 2025 Amurka ta dakatar da ba 'yan Chadi da Sudan biza, ta kuma taƙaita ta 'yan Togo har da ta ɗalibai. A Disamba 2025 ta faɗaɗa jerin, ta sa Nijar da Burkina Faso da Mali cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa, Nijeriya da Benin da Kwaddibuwa kuma cikin waɗanda aka dakatar wa bizar karatu da ta ziyara, daga 1 ga Janairu 2026. Mu ma nan Ghana a Yuli 2025 an rage mana wa'adin biza zuwa wata uku, kafin a janye matakin a Satumba. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa kamar iskar damina, don haka a duba sanarwar ofishin jakadanci a ranar da za a biya kuɗi, kada a dogara da labarin majalisa. Wanda kuma aka ce masa za a "gyara" wa ɗan Nijar fasfon Ghana, ya guje shi. Mu da iyayenmu suka ga korar baƙi ta 1969, mu da har yau ake yi wa 'ya'yanmu haifaffun nan tambayoyin da ba a yi wa wasu a wurin neman takardun ƙasa, kowane fasfon jabu da aka kama a hannun ɗan zango ƙarin wahala ne ga yaran da nasu na gaskiya ne.

To Alhaji, ga abin da muka gani a naka. Kuɗin da kake da su ba za su kai yaron nan ƙarshen shekara huɗu a Ingila ba, amma za su kai shi ƙarshen digiri a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi kusa da kai, wadda injiniyoyinta ba sa jin kunya a ko'ina, har a sami saura. A shekarun da yake karatu, ka buɗe masa asusu da sunansa kamar yadda yake a fasfo, ka riƙa zuba abin da ya sawwaƙa bayan kowace tirela. In ya gama ya yi hidimar ƙasa, digiri na biyu a Ingila galibi shekara ɗaya ne, nauyin da mutum ɗaya zai iya gani ƙarshensa. A wannan mataki ne kuma tallafi ya fi yawa: akwai Chevening ta gwamnatin Ingila, wadda take neman shekara biyu ta aiki, akwai na Commonwealth, akwai DAAD ta Jamus, jami'o'in Amurka da yawa kuma suna yafe kuɗin makaranta su ba da ɗan albashi ga ɗalibin da ke taya malamai koyarwa ko bincike. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma yana da shirin tallafin karatu ga al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, Ghana na ciki. Yaron ya je cibiyar EducationUSA, akwai ta a Ankara da Kumasi, ya yi tambaya da bakinsa.

In kuwa zuciyarka ta kafe a kan wannan jami'a ta Ingila, yaron ya rubuta musu ya nemi su ɗage masa gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yarda. Kada a biya kafin alƙalami sai an karanta sharaɗin mayar da shi in biza ba ta fito ba. Ka kuma zauna da yaron ka nuna masa lissafin nan da kanka, kada ya ji a bakin wani ya ɗauka don ba kai ka haife shi ba ne ka ja da baya. In ka riga ka ba dillalin nan fasfon yaron ko takardar sakamakonsa ta asali, ka je ka karɓo su a makon nan, ko da zai riƙe abin da ka fara ba shi.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar gyaran suna da ranar haihuwa a takardu, daga ina ake farawa da abin da ake nema. Masu wasiƙa a kan wannan su aiko kafin tsakiyar wata. Mu kwana nan.